KAFIN FIM YA ISO, INA LITTAFIN?

Duk wanda ke zama da matasa a 'yan shekarun nan ya san cewa wani sabon abu ya shigo cikin hirarsu, wato jiran fim. A da, sai fim ya iso gari kafin a san da zamansa. Yau kuwa tun ba a fara ɗaukarsa ba labari ya riga ya zo Daura, ya wuce Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, ana ta musu a kan wanda ya dace ya fito a matsayin wane da wanda bai dace ba. Wayar hannu ce ta kawo haka. Kuma babu abin da ya fi tayar da ɗoki irin a ce wani littafi da jama'a suka sani, suke ƙauna, shi ne za a mayar fim.

Ba mu ga laifin wannan ɗoki ba, domin mu ma muna cikinsa. Sai dai akwai tambayar da muke so mu ajiye a gaban iyaye, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa: cikin masu jiran nan, mutum nawa ne suka karanta littafin da ake ta magana a kai? A ganinmu, watannin nan da ake yi ana jira su ne dama ta ƙarshe da yaro ke da ita ta ya ga labarin da idon zuciyarsa. Ranar da fim ya iso, wannan ƙofa ta rufe. Daga nan duk lokacin da ya buɗe littafin, in ma ya buɗe, fuskar da wani ya zaɓa masa zai riƙa gani, muryar da wani ya zaɓa masa zai riƙa ji.

Bari mu ɗauki misalin da aka fi cacar baki a kansa. A watan Satumba na 2024 aka ba da sanarwar cewa wani kamfanin fina-finai na Amurka mai suna A24 zai mayar da littafin marigayi Chinua Achebe, Things Fall Apart, wasan talabijin mai dogon zango, kuma Idris Elba, ɗan wasan nan haifaffen Ingila wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Gana, shi ne zai fito a matsayin Okonkwo. Nan take ƙasa ta ɗauka. Wasu suka ce ta yaya wanda ba ya jin harshen Ibo zai zama Okonkwo, alhali ga 'yan wasa fal a Enugu da Legas. Wasu suka ce ai in ba da sunan mutum irinsa ba, ba wanda zai zuba kuɗin da aikin ke bukata. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma mu a wurinmu, wannan gardama ta fuskar ɗan wasa ita ce ƙarama a cikin al'amarin.

Babbar maganar tana cikin kashi na biyu da na uku na littafin, inda 'yan mishan suka shigo ƙasar. Wanda ya karanta ya san cewa Achebe bai yi wa kowa kwalliya ba, bai kuma shafa wa kowa baƙin fenti gaba ɗaya ba. Ya nuna mana al'umma mai tsari, mai shari'a, mai karin magana, wadda kuma take jefar da tagwaye a daji, take ware wasu mutane ta ce ba a aurensu, ba a cuɗanya da su. Ya nuna mana Nwoye, ɗan Okonkwo, wanda kisan Ikemefuna ya bar masa ciwo a zuciya, har wata waƙa ta masu sabon addini ta ja shi. Sa'an nan ya kawo Turawan mishan biyu masu hali daban. Na farko, Mista Brown, mutum ne mai haƙuri, yakan je ya zauna da wani dattijo mai suna Akunna su yi ta muhawara a kan Allah ba tare da faɗa ba, ya gina makaranta da ɗan asibiti, yana kuma kwaɓar mabiyansa masu zafin kai. Na biyu, Rabaran Smith, ba ya ganin komai sai fari ko baƙi, kuma a zamaninsa ne wani mai rawar kai, Enoch, ya yaye wa dodon gari rufinsa a bainar jama'a, abin da ya jawo aka rushe majami'ar, ya kuma ba Baturen mulki hanyar da yake nema ya wulaƙanta dattawan Umuofia. Achebe ya san abin da yake rubutawa, domin mahaifinsa malamin mishan ne, katikis na C.M.S. a ƙasar Ibo, a irin wannan gida ya tashi.

To, mai shirya fim yana da 'yan awoyi ƙidayayyu, yana kuma da kasuwar da yake so ya burge. Abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya haɗa Brown da Smith su zama mutum ɗaya, ya mayar da Nwoye maci amana kawai, ko kuma ya juya ta ɗaya gefen ya mayar da mutanen Umuofia jahilai masu jiran a cece su. Ba mu ce haka za a yi ba, tunda ba wanda ya ga aikin tukuna. Abin da muke cewa shi ne, in an yi hakan, wa zai gane? Sai wanda ya karanta. Yaron da bai karanta ba zai haɗiye abin da aka ba shi, ya tashi yana cewa haka Achebe ya ce. Kuma wannan labari ne da ya shafi iyayenmu da kakanninmu kai tsaye, domin a ƙasar Hausa ma an yi masu hali irin na Brown, an yi masu hali irin na Smith, an yi kuma 'ya'yan da shigarsu majami'a ta raba su da iyayensu. Bai kamata yaranmu su fara jin irin wannan labari daga bakin wanda bai san zafinsa ba.

Cewa fim yana ƙwace hoton da ke cikin zuciyar mai karatu ba zato ba ne, mun gani. A 1987 gidan talabijin na N.T.A. ya yi wasan Things Fall Apart, Pete Edochie ya fito a Okonkwo. Tun daga ranar, 'yan Najeriya da suka kalla ba su ƙara iya ganin wani Okonkwo ba sai shi, kuma rabin fushin da ake yi wa Idris Elba daga nan ya samo asali. Mutane ba littafin suke karewa ba, Edochie suke karewa.

Mu a cikin ikilisiya muna da misalin da ya fi wannan kusa. Fim ɗin nan na rayuwar Yesu da aka yi a 1979, wanda ya bi Bishara ta hannun Luka kusan sawu da ƙafa, an juya shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, kuma da wuya a sami ƙauyen da ke da majami'a a arewa wanda ba a taɓa kafa farin ƙyalle da janareto an nuna shi ba. Ya yi amfani ƙwarai, ba mai musun haka. Amma je ka ce wa yaran makarantar Lahadi su rufe ido su faɗi kamannin Yesu, za su kwatanta maka Brian Deacon, wani ɗan wasa Bature daga Ingila, alhali marubutan Bishara huɗu ba wanda ya faɗi tsawonsa ko launin fatarsa ko irin gashinsa. Wannan kuwa fim ne da ya yi ƙoƙarin riƙe amana. Wanda Mel Gibson ya yi a 2004 a kan shan wahalar Almasihu ya fi shi ƙarin gishiri nesa ba kusa ba. Shaiɗan da aka nuna a gonar Getsamani yana sako maciji, da hankakan da ya sauka a kan gicciye ya tsokale idon ɓarawon da ya yi ba'a, duk babu su a cikin Bishara. Wasu abubuwan na fim ɗin daga littafin wahayin wata mai zaman zuhudu Bajamushiya aka ɗauko su, Anne Catherine Emmerich, wadda ta rasu a 1824. Sau nawa muka ji manya, ba yara ba, suna ba da labarin hankakan nan kamar aya ce?

Yanzu kuma ga shi an sanar cewa Gibson ya koma aiki a kan ci gaban wannan fim, a kan tashi daga matattu, kashi biyu, an fara ɗauka a Italiya a 2025, ana sa ran kashi na farko a 2027. Jama'armu na ɗokinsa, mun sani. Sai mu tuna cewa abin da Bishara ta faɗa a kan tsakanin yammacin Jumma'a da asubahin Lahadi 'yan layuka ne kaɗan. Wanda zai cika fim biyu da wannan, dole ya ƙaro daga wani wuri. Surorin da suka ba da labarin tashin ba su da yawa: ta ƙarshe a Matiyu, ta ƙarshe a Markus, ta ƙarshe a Luka, da biyun ƙarshe a Yahaya. Zama ɗaya ya isa a karance su duka. Iyalin da suka yi haka kafin su kalla za su iya rarrabe tsaba da tsakuwa da kansu, ba sai sun jira ranar Lahadi sun tambaya ba.

Akwai wanda zai ce mana, malam, kuna magana kamar kowa ya iya karatu. Gaskiya ne. A ƙauyukanmu akwai iyaye mata da dattawa da yawa waɗanda allon fim shi ne littafin da suke iya karantawa, kuma gani ya kori ji. Tun zamanin Turawa aka gane haka, shi ya sa motar majigi ta riƙa zagayawa ƙauye ƙauye tana nuna irin su Baban Larai don koya wa manoma noman auduga. Ba mu goyon bayan masu cewa fim aikin banza ne, ko kallo zunubi ne ɗungurungum. Amma a kusan kowane gida na masu bi akwai aƙalla mutum ɗaya da ke iya karanta Hausa, domin tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, karatun Hausar boko ya zama abincinmu na kowane mako. Wannan gata ne da muke raina shi. Wanda ya iya karanta Zabura a gaban jama'a zai iya karanta wa kakarsa Ruwan Bagaja da dare.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Duk fina-finan da muka ambata ya zuwa yanzu na waje ne, ko na littattafan Turanci. Ina namu?

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafai biyar da har yau su ne harsashin adabinmu na zamani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Mu mutanen wannan jiha muna da kaso babba a ciki, domin Imam a Katsina ya yi karatu, a Katsina yake koyarwa lokacin da ya rubuta nasa, Bello Kagara kuma ya zama Walin Katsina.

Cikin biyar ɗin, Shaihu Umar ne ya fara samun fim na sosai. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976, shekara 10 bayan an kashe marubucin, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Labari ne na yaron da aka sace aka sayar, aka haye Sahara da shi har ƙasar Masar, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Mu da muke zaune a kan tsohuwar hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta ratsa Daura ta nufi Damagaram da Agadas, wannan ba labarin nesa ba ne. Fim ne mai tsawon fiye da awa biyu, da Hausa tsantsa, da kayan sawa da gine-gine irin na da. To, me ya same shi? Ya ɓace. Shekaru da dama ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya ta birnin Balin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ku duba wannan abu: Jamusawa sun zauna a ɗakin sinima sun kalli Shaihu Umar, alhali galibin matasan Daura ba su ma san an taɓa yi masa fim ba. A duk tsawon shekarun da faifan ke kwance cikin ƙura, ɗan littafin nan bai ɓace ba ko na rana ɗaya. Ana buga shi a Zariya, ana karanta shi a makarantu, ana yin jarrabawa a kansa.

Bayan Shaihu Umar an ci gaba jefi jefi. N.T.A. Kaduna ta yi wasan Magana Jari Ce a shekarun 1980. Brendan Shehu ya mayar da wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, fim a 1992. Da bidiyo ya shigo, bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, marubuta ne suka fara riƙe ragamar sana'ar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, ya kuma mayar da shi fim a 1994. Aka yi Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ita ma 'yar jiharmu, aka yi Alhaki Kuykuyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. A wancan lokaci mai sayen kaset ya riga ya karanta littafin, ko an karanta masa, ko ya ji ana karantawa a rediyo, saboda haka mai shirya fim yana aiki yana jin tsoron masu kallo. In ya yanke wani wuri za a tare shi a kasuwa a tambaye shi dalili. Daga wajen shekarar 2000 kuwa sai rawa da waƙa irin na fina-finan Indiya suka zama su ne ke sayar da kaset, labari ya koma baya, marubuci ya koma gefe. Fina-finai masu dogon zango da ake nunawa a tashar Arewa24 da YouTube, irin su Daɗin Kowa da Labarina, sun maido da darajar labari, wannan abin a yaba ne. Amma taskar tsofaffin littattafanmu, ba a taɓa ko bakinta ba.

Kada wani ya ce ba wurin ɗauka, ko ba ƙwararru. A nan Daura aka ɗauki Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, labarin rigimar gadon sarauta a wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Jallaba, wanda ya faro a matsayin wasan rediyo a Kano, kuma shi ne fim ɗin da Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka. Bai kai ga matakin ƙarshe ba, amma ya nuna cewa ƙasarmu da dawakinmu da mutanenmu sun isa su ɗauki fim na tarihi, da Hausa, wanda za a kai ko'ina a duniya ba tare da jin kunya ba.

Tun daga nan ake ta cewa saura labarin Bayajidda. Lalle labari ne da ya dace da allo: baƙon da ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Jumma'a saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu. Ga rijiyar nan har yau, baƙi na zuwa suna shan ruwanta. Amma muna roƙon masu wannan buri su dubi abin da ya sami Amina ta Zazzau. A 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, an kashe kuɗi, hoto ya yi kyau, amma da Turanci aka yi shi, kuma Hausawa da yawa da suka kalla sun ce ba su gane kansu a ciki ba, daga sutura har ɗabi'u. Labarin Bayajidda ma ruwayoyinsa sun sha bamban, akwai abin da ke rubuce a Girgam, akwai abin da ke bakin dattawan fada, akwai kuma masana tarihi da ke ganin cewa Hausawa sun daɗe a ƙasarsu kafin zuwan kowane baƙo, kuma sarautar mata a Daura ta girmi labarin nesa. Ranar da aka yi masa babban fim, ruwaya ɗaya za ta danne sauran, ta zama ita ce tarihi a wurin yara. In jama'ar gari ba su san sauran ruwayoyin ba kafin ranar, ba mai iya cewa uffan.

Mu dai in aka tambaye mu fim ɗin da muke jira fiye da kowane, za mu ce Jiki Magayi. Ba don kawai John Tafida ɗan ikilisiyar Wusasa ba ne, ko da yake wannan abin tunawa ne ga masu zaton Kirista Bahaushe baƙo ne a adabin Hausa, alhali da shi aka aza tubalin farko. Dalilinmu shi ne labarin kansa. Sauran littattafan zubin farko suna yawo da mai karatu ƙasa ƙasa, wasu har duniyar aljannu. Jiki Magayi kuwa a cikin gida yake. Saurayi Abubakar yana son Zainabu, tana sonsa. Attajiri Malam Shehu, mai mata amma ba ɗa, ya shigo da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya rantse sai ya rama, ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa, ya sha wahalar da ta nakasa shi kafin ya samu. Yaron nan Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo, ya zama abin kunya ga iyayensa, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Shi kuma Abubakar bai ci ribar komai ba.

Duk wanda ya taɓa zaman sulhun aure, ko a majami'a ko a zauren mai unguwa, ya san waɗannan mutane. Ya san uban da kuɗi suka rufe wa ido, ya san saurayin da aka yi wa ƙwace ya kasa haƙura, ya san yaron da ke biyan bashin da ba shi ya ci ba. Wannan fim ba ya bukatar dawaki 500 ko ginin fada. Gida biyu, kasuwa, daji, da 'yan wasa huɗu ko biyar da suka san aikinsu, sun isa. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma shi ne ya sa muke so a karanta tukuna: mai neman kasuwa zai so ya mayar da shi labarin soyayya, ya sa Abubakar da Zainabu su yi waƙa a lambu, ya wanke Abubakar tas ya ɗora wa Malam Shehu dukan laifi, ko ya ƙare da biki. Littafin kuwa bai bar kowa ya fita da farin riga ba, kuma nauyinsa ke nan. In masu kallo sun san haka tun farko, darakta zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa ƙarshen labarin, kamar yadda na shekarun 1990 suka riƙa yi.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, kuma ba ya bukatar kwamiti ko gidauniya. Littattafan nan sirara ne, kamfanin N.N.P.C. na Zariya ne ya daɗe yana buga su, ana kuma samun su wurin masu sayar da littattafan makaranta a Katsina da Kano. Ƙungiyar matasa ta kowace majami'a ta sayi kwafi biyu ko uku. A lokacin hutun makaranta a ware maraice ɗaya a mako, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, a gayyaci iyaye mata na zumunta da duk maƙwabcin da ke so, Kirista ko Musulmi, tunda gadon na kowa ne. Jiki Magayi ba zai wuce zama uku ko huɗu ba. Waɗanda ke sakandare su ɗauki Things Fall Apart, su karanta, su riƙa juya wa na gida da Hausa babi babi, wanda hakan ma zai taimake su a jarrabawa.

In an gama kowane littafi, sai a bar yaran su yi irin musun da suke so, amma wannan karon da sani. Su faɗi wanda a cikin 'yan wasan Kano zai iya fitowa a Malam Zurƙe, abokin gabar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, ba tare da ya mayar da shi wawa ba, domin Zurƙe ba wawa ba ne, sau da yawa shi ke cin Alhaji. Su faɗi wace unguwa a Daura ko wane ƙauye a Baure zai yi kama da garin su Zainabu. Su faɗi wurin da za su yanke in an ba su awa biyu kacal, da wurin da ko an kashe su ba za su yarda a taɓa ba. Wanda ya iya rubutu a cikinsu ya rubuta abin da aka tsayar, a aiko wa wannan shafi, mu kuma za mu roƙi edita ya buga, ko Allah ya sa wani mai shirya fim a Kano ko Kaduna ko Jos ya gani.